Shekarar Baba Cindo a Ƙwaryar Dutse

Da sunan Wanda ke kora gajimare inda Ya so, Ya shayar da gonar da Ya so, Ya tsallake wadda Ya so, ba mai tambayarSa dalili. Ni ne Makau ɗan Barmo, mutumin Tungar Gawo, wanda ya fita neman sanin damina da baƙin gashi, ya komo da furfura da labari. Wanda ke da wurin zama ya zauna, ga abin da idona ya gani.

A garinmu damina ta koyi yaudara. Ruwan farko zai sauka kamar da gaske, ƙasa ta yi ƙamshi, mu kwashi iri mu zuba, sai sama ta ɗauke kai ta bar tsiro yana ƙonewa. Shekarar da muka ce bari mu yi wayo mu jira, sai ruwan ya ɗore, maƙwabta suka girbe muna kallo. In ka tambayi tsofaffinmu yadda damina take a da, kowa da nasa zancen, kuma kowa ya rantse. Na ji fatake na cewa can bayan inda hanyar raƙuma ke ƙarewa akwai mutanen da ke sanin halin damina tun ba ta kankama ba. Ni ba mai haƙuri ba ne, gonata kuma ba ta da girman da za ta riƙe ni. Na bar wa ƙanena ita, na ɗauki sanda da gora na fita.

Ƙasa ta farko da ta cancanci labari ita ce ta masu matsar gajimare. A ƙwanƙolin wani dutse suke zaune, ba rijiya ba rafi. Suna saƙa manyan barguna na gashin tumaki su shanya tsakanin duwatsu, gajimare ya zo wucewa ya jiƙa su, su matse a randuna. Da shi suke sha, da shi suke ban-ruwa. Dokarsu guda ce: ba a ɗaga murya a kan dutsen, don a wurinsu gajimare dabba ce mai tsoro. Ko sallama da raɗa suke yi. Ni kuwa sanyin wurin ya shige mini hanci, ranar da na isa na saki atishawa irin ta gidanmu, wadda ke tayar da kaji daga barci. Aka yi rashin sa'a gajimaren da ke tafe ya karkata ya bi wani kwari. Washegari sama fayau, jibi ma haka.

Suka ɗaure ni a turken bargo, suka gaya mini cikin raɗa da ladabi cewa nan zan zauna har abin da na kora ya dawo, in kuma bai dawo ba su jefa ni ƙasa in bi shi in ba shi haƙuri. Ina da wata gwiwa da jaki ya harba tun ina saurayi, ba ta taɓa barin hadari ya zo ba ta sanar da ni ba. Na zauna ina saurarenta. Ran da ta fara zugi na kira babbansu na ce masa a ƙasarmu wanda ya kori gajimare shi ke kiransa, amma ba ya amsa kiran ɗaurarre. Suka kwance ni. Na tsaya bakin dutse ina yafito sama da hannu kamar mai kiran akuya, kafin la'asar gajimare ya taho ya rufe ko'ina har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Murna ta kama su, na ji suna raɗa cewa irin wannan baƙo ba a barinsa ya tafi, a nemo igiya mai ƙwari. Ban jira igiyar ba. Na lallaɓa cikin farin duhun nan na gangara, su kuwa ba halin su yi ihu a tare ni.

Bayan tafiya mai nisa na iso wani kogi da ban taɓa jin irinsa ba. Gaɓarsa ta nan rani ne ƙurmus, ta can damina ce shar, in an jima su yi musanya. Mutanen wurin a kwale-kwale suke kwana su tashi, mai son shanya ya tsallako nan, mai son shuka ya tsallaka can. A tsakiyar kogin, inda iskar rani ke karo da ta damina, akwai guguwar da ba ta kwanciya. Wata mai fito, Tabawa, mace mai damtsen maƙeri, ita ta yarda ta ƙetare da ni. Ta sa na kwanta a gindin jirgi ta rufe ni da tabarma, ta shiga guguwar da baya, wai iskar ba ta kifar da wanda take zaton fita yake yi. Ban san gaskiyar wannan ba, na dai san mun fito da ranmu, ni da abin da ya rage a cikina.

Da muka taka ƙasa na gaya mata abin da nake nema. Ta yi dariya.

"Mu me za mu yi da sanin damina, ga ta can muna kallo? Mai jira shi ke buƙatar sani. Bi wannan hanya har ka ga duwatsu sun yi zobe. Ƙwaryar Dutse ke nan. Su ne masu ajiye shekaru."

Na isa Ƙwaryar Dutse a ƙarshen rani. Ƙaramin gari ne a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, ƙofa ɗaya tak ke gare shi, wata tsaga can sama a jikin dutse, inda in ka tsaya kana ganin garin duka a ƙarƙashinka. Akwai Unguwar Tudu, akwai Unguwar Gangare a bakin rafi, da kasuwa da wata ƙatuwar tsamiya a tsakiyarta, daga nan sai fadama. Aka sauke ni gidan wani tsoho mai tufka igiya, Baba Cindo, dogo, busasshe, wanda ya girmi kowa a garin. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda, Tasalla, tana aure a Gangare, ita ke kawo mana tuwo. Shi ne ya bayyana mini yadda suke ajiye shekaru, ba a takarda ba, ba a jikin bango ba, a cikin mutane.

Ga yadda abin yake. Jaririn da aka fara haifa bayan ruwan farko, shi ne mai wannan shekara. Uwarsa, da jego da komai, za ta zuba ido a kan sama da ƙasa har kaka ta wuce, in ya yi wayo ta riƙa faɗa masa har ya riƙe kamar sunansa. Shekara tana da kai, tana da jiki. Kai shi ne alamun farko: daga ina iska ta juyo, yaushe shamuwa ta sauka, yadda ruwan farko ya zo. Jiki shi ne duk abin da ya biyo baya. A ganinsu shekaru ba sa mutuwa, yawo suke tafiya wasu ƙasashe kamar makiyaya, su komo. Don haka kowace bazara, in wata ya tsaya bayan ruwan farko, sai a taru a gindin tsamiya, masu shekaru su faɗi kawunan nasu. Wanda kan tasa ya dace da abin da ake gani, tasa ce ta dawo, sai ya buɗe jikinta, gari ya yi noma da abin da ya faɗa. In ta taɓa dawowa har tana da masu ita biyu, ƙaramin ne ke buɗewa, don shi ta fi sani. Jiki ba a faɗinsa sai ran nan. Kuma ba mai magana a kan shekarar wani ko da ya gan ta da idonsa, abin kunya ne kamar leƙa ɗakin matar maƙwabci.

Na zaga gari na gaisa da shekaru. Mahaucin garin shi ne shekarar da sanyi ya kashe kifi a rafi. Wata mai ƙosai ita ce shekarar da gero ya yi kai biyu, ta dawo mata har sau da dama, shi ya sa take tafiya kamar ita ta haifi garin. Na tambayi manoma ko abin yana ci, suka nuna mini rumbunansu. Ban taɓa ganin gari ƙarami da rumbuna irin haka ba. Na ce a raina, Makau, ƙafarka ta huta, ka iso.

Sai daga baya na ji sauran dokar. In shekarar da ta dawo mai alheri ce, mai ita sarki ne har kaka, damin farko na kowace gona ƙofarsa ake kaiwa. In kuwa muguwa ce, sun ce ubangidanta ta biyo, kamar kare. Sai a saurari duk abin da zai faɗa, a gode masa, a raka shi ƙofar dutse ya fita, ba ya dawowa har abada, don ta bi shi. Na tambayi mahaucin ko ta taɓa bin wani ta bar garin. Ya ce a'a, amma wa ya san yadda za ta yi muni da mai ita yana ciki?

Shekarar Baba Cindo kuwa ba ta taɓa dawowa ba. Kowace bazara yakan miƙe ya faɗi kanta ya zauna, har matasa sun haddace suna tsokanarsa da cewa tasa ta yi aure a wata ƙasa ta manta da shi. Shi ma yakan taya su dariya.

A bazarar da nake can, shamuwa ta sauka da wuri, ta tsallake itatuwan Gangare duka ta je ta yi sheƙa a kan duwatsu. Gawo, wanda ke zubar da ganye in damina ta kusa, ya ƙi zubarwa. Ruwan farko ya zo daga yamma maimakon gabas, da ƙanƙara a ciki. Daga nan sama ta rufe bakinta, rana ta buɗe kamar ba a taɓa yin ruwa ba. Mutane suka fara cewa fari ne, suna gyaran gonakin fadama inda ƙasa ke riƙe laima. Matasan da ke tsokana suka daina, suna gaida Baba Cindo da rusunawa, don kowa ya gane kan wace shekara ce wannan.

Wata hantsi muna zaune a inuwar zaurensa, yana tufka ina riƙe masa bakin igiya. Igiyar sai warwarewa take yi.

"Baba, yau hannunka ba ya wurin aikin," in ji ni.

Ya ajiye ramar. "Ka ga ƙanƙarar nan da ta zo daga yamma?"

"Na gani, har ta same ni a ka."

"Tawa ce. Ta dawo." Sannan ya ce, "Kai baƙo ne, kunnenka ba na garin nan ba ne, zan iya gaya maka. Ba fari ba ne, Makau. Haka take yi, ta bushe har kowa ya kwashi irinsa ya kai fadama. In hatsi ya kai gwiwa sai marka ta sauka ta ƙi ɗaukewa. Rafin nan da kake tsallakewa da ƙafa shi zai ci fadama, ya ci kasuwa, ya ci Gangare."

"To ai sai ka faɗa musu."

"In faɗa, su gode mini, su raka ni ƙofa." Ya dubi ƙafafunsa. "Da waɗannan zan fara yawon duniya? Kabarin matata na nan, Tasalla na nan. Duk wanda ya ga shekarar nan da idonsa yana ƙasa. In na miƙe na ce fari ne mai sauƙi, a shuka a fadama, ba mai ƙaryata ni. In ci damin farko ma, in an samu."

"Za ka iya?"

"Tun da shamuwa ta sauka nake tambayar kaina. Tsoro nake ji, ɗana, ba zan ɓoye maka ba."

Tausayinsa ya kama ni, kuma ni mutum ne da ba ya ganin ƙulli ya bar shi. Na ce masa ai dabara a fili take. Tun da sun yarda shekaru na yawo ƙasashe, me zai hana tasa ta taɓa biyowa ta garinmu lokacin da aka haife ni? Na girme wa wasu amma shi a shekaru ya isa ya haife ni, ni ne ƙarami, ni doka ta ce in buɗe. Ya koya mini jikinta in faɗa, gari ya tsira, a raka ni ƙofa. Ni da ma ƙofar zan bi, ko an raka ni ko ba a raka ni ba.

Ya daɗe yana kallona. "Kai wane irin mutum ne da za ka ɗauki muguwar shekara a ka?"

"A garinmu, Baba, ba mai ɗaukar ko mai kyau."

Ya yarda. Kullum in mun zauna tufka sai ya faɗa ina maimaitawa, da kalmomin da uwarsa ta ba shi, ba ya yarda in sauya ko guda. In na ce ruwa ya yi yawa, sai ya ce ba haka ta ce ba, cewa ta yi ruwa ya rasa wurin zama. Akwai wani yanki a tsakiya da yakan tsallake, ya ce wannan na garin nan ne, ba zai shiga bakin baƙo ba, in aka tambaye ni tsayin ruwan in ce ya shanye soraye.

Wata ya tsaya, aka taru a gindin tsamiya da safe. Mai jagorar taron wata dattijuwa ce, Magajiya Yalwa, mai idon da ba ya ƙiftawa da wuri. Masu shekaru suka faɗi kawunansu a gurguje, don kowa ya san inda za a tsaya. Baba Cindo ya miƙe ya faɗi nasa: shamuwa a kan dutse, gawo da ganye, ƙanƙara daga yamma, sama a rufe. Kafin Magajiya ta buɗe baki na miƙe.

"Ranki ya daɗe, baƙo na da magana. Wannan kan da Baba ya faɗa, shi ne kan shekarar da aka haife ni a ƙasarmu."

Aka yi ta gunaguni. Magajiya ta dube ni daga rawani har takalmi. "A ƙasarku ma ana riƙon shekara?"

"Gidanmu kaɗai, ranki ya daɗe. Ana yi mana dariya a kai."

"Ka san abin da ke kan wanda ya buɗe muguwa?"

"An gaya mini."

Ta juya. "Cindo, ya girme ka ko ka girme shi?"

"Ɗana ne," in ji Baba Cindo, kansa a ƙasa.

"To baƙo, buɗe."

Na buɗe. Ban taɓa yin ƙarya mai tsabta irin wannan ba, don kowace kalma a cikinta gaskiya ce sai ni mai faɗa. Na faɗi bushewar da ke ruɗin manomi, da 'yan yayyafin da za su biyo baya waɗanda suka isa su rayar da gero a tudu in an shuka da zurfi. Na faɗi ranar da kwaɗi za su yi shiru, tururuwa ta kwashi ƙwai ta hau bango. Na faɗi markar da ba ta ɗaukewa, da ruwan da ya rasa wurin zama. Wani daga Gangare ya tambayi tsayinsa, na ce ya shanye soraye. Na ga Tasalla ta dafe ƙirji, na ga maza suna duban tudu suna auna inda za su kafa bukkoki. Magana ta shige su, aiki ya yi kyau, ba abin da ya rage sai rufewa.

Rufewar kuwa al'ada ce da ban ɗauke ta da nauyi ba. Duk wanda ya buɗe shekara, Magajiya takan tambaye shi wa ya gani, shi kuma ya kira sunan uwarsa, taro ya amsa da yi mata addu'a. Sau ɗaya ake kiran sunan mace haka a gaban gari, ran da shekarar ɗanta ta dawo.

"Wa ya gani?" in ji Magajiya.

Na ce, "Uwata Dije ta gani, ita ta ba ni."

Taro ya buɗe baki zai amsa, sai wata murya ta fito daga bayana, ba da ƙarfi ba.

"Ba Dije ba ce."

Na waiwaya na zare wa Baba Cindo ido, na yi masa alama da hannu ya zauna. Bai ko dube ni ba. Yana nan tsaye.

"Ba Dije ba ce. Hansai ce, 'yar Nomau maƙeri. Baƙon nan mutumin kirki ne, ni na koya masa, ya ɗauka don ya rufa mini asiri. Ku bar shi. Amma ba uwarsa ce ta gani ba." Ya ɗaga hannu ya nuna itacen da muke ƙarƙashinsa. "Wannan tsamiyar ta hau, ina goye, jinin haihuwa bai gama ɗauke mata ba. Ta ɗaure kanta a reshe da ɗankwalinta don kada barci ya kayar da mu. Ruwa ya zo har inda itacen ya rabu biyu, ya taɓa ƙafarta. Mutane cike da rassan nan kamar jemagu, tana kallo suna gajiya suna saki ɗaya bayan ɗaya. Ubana ya koma ɗauko kwandon iri, tana kallonsa ya tafi da kwandon a ka. Ganyen tsamiya ta riƙa taunawa don nono ya zo. Duk da haka ba ta rufe ido ba, tana duban sama, tana lura daga ina iska ke zuwa, don ta san an ba ta shekara ta riƙe mini. Wannan matar za a yi wa Dije addu'a a madadinta?"

Ni haushi ya kama ni, in faɗa muku gaskiya, don dabarata ta riga ta ci, gari ya tsira, shi ya tsira, ya zo ya rushe da hannunsa saboda suna. Amma a ƙarƙashin haushin na ji kunya, don ni da na kira sunan tawa uwar ban san ko ana ruwa ko ana rana ta haife ni ba, sai abin da sunana ya gaya mini, don wanda aka haifa cikin marka ake kira Makau.

Magajiya Yalwa ta miƙe, abin da aka ce ba ta yi wa kowa. "Wa ya gani, Cindo?"

"Hansai ta gani, ita ta ba ni."

"Allah Ya jiƙan Hansai," in ji taro, har duwatsu suka amsa.

Suka gode masa kamar yadda doka ta ce, kuma suka raka shi kamar yadda doka ta ce. Ba wanda ya kawo zancen a sassauta, shi ma bai nema ba. Ni aka ce in bi shi, don wanda ya ari shekarar wani ba ya kwana a garin. A bakin ƙofa Tasalla ta riƙe rigarsa tana kuka ta ce ƙafarta ƙafarsa.

"Koma, uwata," in ji shi. "Ki kwashe kayanki ku hau tudu yau, kada ki jira mijinki ya gama shawara. Kaji ma kada ki bari."

Doka ta ce ya fita, ba ta faɗi nisan da zai yi ba. Da muka ƙetare tsagar na saɓa sandata, shi kuwa ya nemi wani kogo a gefen ƙofar ta waje, inda ake hango kwarin duka, ya shimfiɗa buzunsa.

"Baba, hanya tana can."

"Tun ina goye nake jin labarinta," ya ce. "Ba zan tafi ban ga fuskarta ba."

Na zauna da shi, don ba yadda zan bar tsoho a kogo. Ina ɗana tarko, ina tono rogon daji, wani lokaci mukan tarar da ƙwaryar tuwo a bakin ƙofa ba mu ga wanda ya ajiye ba. A zaman nan ne na sami abin da na samu na ilimin da na fito nema. Ya koya mini duban iska da tsuntsu da ganye, ya ce sauran ba a koyar da shi, sai gari ya sami matan da za su yarda su zuba ido, da 'ya'yan da za su yarda su riƙe. Daga sama muna ganin mutane kamar tururuwa suna jidar kaya zuwa tudu, suna shuka a busasshiyar ƙasa, fadama kuwa na kwance kore shar ba mai taɓa ta. Bushewar ta yi tsawo har ni kaina na fara shakka. Shi kuwa tufkarsa kawai yake yi.

Sai wata safiya ya ce, "Ka ji kwaɗi?" Na kasa kunne, ban ji ko ɗaya ba.

Marka ta sauka. Ba tsawa, ba iska, ruwa ne kawai tsaye daga sama zuwa ƙasa, yau da gobe da jibi har na daina lissafi. Baba Cindo na zaune bakin kogo yana faɗin abu kafin ya faru. Ya ce yanzu rafi zai yi ja, ya yi ja. Ya ce zai fasa ta wajen marina, ya fasa ta nan. Fadama ta tafi, rumfunan kasuwa suka taso suna yawo, gidajen Gangare suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. A kan tudu kuwa hayaƙi na tashi daga bukkoki, gero na tsaye.

Ran da ruwan ya tsagaita, kwarin duka ya zama tafki, ba abin da ke tsaye a tsakiyarsa sai tsamiyar. Tsohon ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya kare ido da tafin hannu.

"Idona ba ya kaiwa, Makau. Ina ruwan ya tsaya?"

"Daidai inda itacen ya rabu biyu, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba." Hannunsa ya ƙara nauyi a kafaɗata. "Duba mini rassan da kyau. Wa ke kai?"

Na duba reshe bayan reshe, daga ƙasa har ƙoli.

"Babu kowa."

"Ko mutum ɗaya?"

"Ko akuya babu, Baba."

Ya zauna a kan buzunsa, ya rufe fuska da hannu biyu ya yi kuka, irin kukan da ba a rarrashi, ni kuma ban rarrashe shi ba. Da ruwa ya janye, hanya ta bushe, na ɗauki buzun da gorar, ya ɗauki sandarsa, muka juya wa ƙofar baya.